Gola Mai Wushirya

Talata, ƙarfe bakwai na safe

To, na danna jan abin. Ka ce in yana ƙyaftawa yana ɗauka kenan. Ga shi yana ƙyaftawa.

Baban Lele, ni ce. Da tsohuwar wayarka nake magana, mai fasasshen gilashi, wadda ka bar wa Lele tana kallon 'yan tsana. Ba rubutu na iya ba, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa, shi ya sa zan riƙa ajiye maka maganar a nan. In ka dawo ka zauna ka ji abin da ka sa ni.

Laraba ka ɗauki mota. Ka ce Lahadi. Yau Talata. Na kira har yatsana ya gaji, matar nan ta cikin waya sai cewa take a kashe take. Lele ta ƙi shan shayi sai a kofinka.

Alhamis, da hantsi

Na je garejin kamfaninku. Mai gadi ya gan ni daga nesa, ya miƙe, ya shiga gyaran kujerar da ba ta lalace ba. Na gaishe shi, na ce motarka fa? Ya ce, "Ai tana hanya." Na ce wace hanyar? Ya ce, "Hanya dai, baiwar Allah." Ya ba Lele alewa biyu. Mutumin da ko sallama ba ya amsawa da kyau.

Da na dawo na bi ta shagon aski. Abokanka suna zaune su huɗu, murya har bakin titi. Ina ɗaga labule aka yi tsit, sai ƙarar injin. Mai Aski ya ce, "A'a, matarmu! Yau da kanki? Kar ki damu, mota ce ta lalace masa inda ba sabis. Mun ji daga gare shi." Na ce ku kun ji, ni ban ji ba? Tela ya ce, "Ai kin san mijinki."

Na san shi ɗin. Shi ya sa.

Asabar, bayan azahar

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Bari in zauna.

Na tuna da wasan ƙwallon wayar nan naku. Na danna hoton ƙwallon, wurin nan ɗaya da ka nuna min, sai ga ƙungiyarka Taya Goma, 'yan wasanka sun jeru a koren fili. Ranar da za ka tafi na ga kana shirya su, akwai masu farar riga uku. Yau biyu ne. An cire ɗaya, an sa mai shuɗi. Ka taɓa su kenan. Yau da safe, kafin a rufe canji.

Kuma ban yi mamaki ba. Ka tuna bara da wayarka ta faɗa ruwa a hanya? Kwana uku ba ka kira ni ba, wai ba ka haddace lambata ba. Amma ka ari wayar mai gidan mai ka shiga ka canja kyaftin, wanda ake ninka wa maki. Lambar matarka ba ta zauna maka a kai ba, lambar sirrin Taya Goma kuwa ko daga barci aka tashe ka. Na yi kwana biyu ban yi maka magana ba. Yau wallahi na yafe. Ka yi ta canjawa.

Na duba benci, golana yana nan. Na danna fuskarsa, ya yi min murmushi da wushiryarsa. Na nuna wa Lele, ta ce, "Mama ce."

Lahadi, da yamma

Na yi shara sau biyu. Na wanke zanin gado. Ba ka zo ba.

Litinin, da la'asar

Tela ya kawo shinkafa rabin buhu, da mai, da sabulu. Ya ajiye a bakin ƙofa, ya ƙi shigowa. Ya ce kai ka ce a kawo. Na ce yaushe kuka yi magana? Ya ce jiya. Na ce da wace lamba ya kira, in kira? Sai ya fara laluben aljihu, wai ya baro wayar a shago. Ina kallon shatinta a aljihun gaban rigarsa.

Baban Lele, tun da muka yi aure yaushe Tela ya taɓa ɗaukar buhu a kafaɗarsa? Mutumin da almakashi ma sai ya ce a miƙo masa.

Laraba, ƙarfe goma na safe

Lele tana wurin maƙwabciya. Bari in yi magana da yawa yau, don in na yi shiru abin yana min yawo a kai.

Ni fa gasar nan taku ta girme aurena. Shekara goma sha ɗaya. Kai ka ba ni labarin tun muna zance, ina jira ka ce kana sona, kana ta min bayanin maki. Ka ce da farko ba waya, a littafi kuke yi. Ku takwas a shagon aski. Kowa ya zaɓi 'yan wasansa na gaske, in sun ci ƙwallo a can, Ticha ya lissafa muku a nan, a yi ta musu har a kusa dambe. Shekarar da Ticha ya ci sau biyu a jere kuka ƙwace biron daga hannunsa kuka ba Mai Aski. Da waya ta zo kuka koma waya, amma littafin yana nan a durowar da yake ajiye reza.

Wanda ya zo na ɗaya ya tafi gida da tsohon injin askin nan da kuka fesa wa fenti ruwan gwal. Ko sau ɗaya bai kwana a ɗakin nan ba. Wanda ya zo na ƙarshe a zaunar da shi a tsakiyar shago a yi masa tal kwabo, ana tafi. Sau uku ka shigo min da kai kamar ƙwai. Na farkon ma saura kwana tara bikinmu, Yayata ta ce ko ciwo ka yi.

Duk wannan dariya ce. Abin da ba dariya ba shi ne Dogo.

Ina da cikin Lele lokacin. Da Dogo ya kwanta a asibiti, kun ce ba za a bar ƙungiyarsa ta faɗi ba. Kuka ce riƙon ƙwarya. Wannan satin kai, sati na gaba Tela, haka. Mahaifiyarsa ba ta iya zuwa asibitin saboda ƙafa, sai ku je ku gaishe ta, ku nuna mata waya, ku ce, "Inna, dubi, yau ma shi ya canja da hannunsa, ai ya samu sauƙi." Sati tara. Mutum ba ya ko gane wanda ke kansa. Ka dawo gida ran nan ka zauna a bakin gadon nan, ka ce min, "Tsohuwar nan har addu'a ta yi wa ƙungiyar."

Bayan rasuwarsa kuka ƙi goge shi. Har yau ana buga masa, kowa da satinsa. Shekarar da ta wuce har na uku ya zo. Kuma tun daga lokacin kowa ya rubuta lambar sirrinsa a littafin Mai Aski, wai saboda halin rayuwa.

Ban san me ya sa nake faɗa maka abin da ka fi ni sani ba.

Shinkafa ma kun kai wa Innar Dogo. Na tuna. Da sabulu.

Juma'a, da safe

Matar Tela ta shigo wai aron rariya. Tana da rariya biyu. Ta zauna tana kallon ɗaki, tana tambaya ko ina cin abinci. Ta ce in na ji tsoron kwana ni kaɗai in zo wurinta. Na ce tsoron me? Ta ce a'a, ta dai faɗa ne.

Asabar, ƙarfe goma sha biyu

An canja. Mutum biyu.

Golana ba ya nan.

Asabar, da la'asar

Na duba sau, ban sani ba. Na kashe wayar na kunna. An sa wani, mai gemu. Ba ya dariya.

Kai ka san abin da nake nufi. Su ba su sani ba. Su a wurinsu rowa ce, Tela yana ce maka mai tsinto gola a bola, wai mutumin da ko a ƙungiyarsa ta gaske bai taɓa tashi daga benci ba. Ka bar su suna dariya. Ni kaɗai ka faɗa wa, ranar da muka dawo da Lele daga asibiti. Ka ce, "Dubi haƙoransa. Wannan ke ce. Ba ya shiga fili, ba ya kawo maki, amma ba mai sayar da shi." Na jefe ka da filo. Ka ce in na kuskura na faɗa wa wani, shagon nan ba zai ƙara shiguwa gare ka ba. Shekara uku, kowace sabuwar kaka shi kake fara saya.

Wataƙila hannunka ne ya zame. Wayar aro ce, ba ka saba da ita ba. Wataƙila.

Litinin, da hantsi

Maƙwabcinmu ɗan kanti ya duba min teburin gasar. Ka tafi kana na bakwai a cikin takwas, har marigayi Dogo yana samanka. Yanzu wai kai ne na huɗu. Ya ce sati biyu a jere kai ka fi kowa maki.

Baban Lele, tun yaushe ka iya?

Talata, bayan azahar

Na yi wani abu. Allah ya yafe min.

Na mayar wa matar Tela ziyara. Muna tsince wake, na saki hawaye, wannan ba na ƙarya ba ne. Ta ce mene ne? Na ce ai hankalina ya ƙi kwanciya, don akwai alama tsakanina da kai. Na ce duk lokacin da ka yi nisa kana kewata, sai ka sa mai sanƙon nan na masu jar riga, ka ba shi kyaftin. Na ce sati biyu ina dubawa ban gan shi ba. Na ce don Allah kar ta faɗa wa kowa. Ta dafa ƙirji ta ce, "Haba ƙanwata, ni da ke?"

Mai sanƙo. Wanda ya zubar da fenariti a wasan ƙarshe shekarar da saura maki biyu ka ɗauko injin gwal. Wanda in ya fito a talabijin kake juya kujera.

Alhamis, da yamma

Lele ta ji ƙarar babbar mota ta fita da gudu ba takalmi. Ta masu ruwa ce.

Juma'a, da safe

Ya Allah kar in gan shi gobe. Ya Allah kar in gan shi.

Asabar, ƙarfe goma sha biyu

Yana nan. Sanƙonsa har ƙyalli yake. Da alamar kyaftin a kafaɗarsa.

Asabar, gab da magariba

Na dawo. Muryata ta dishe, ka yi haƙuri.

Goya Lele na yi, na tafi shagon. Ana tsakiyar wasa, sun cika, wani yana kan kujera da rabin aski. Ban yi sallama ba. Na tsaya a gaban talabijin.

Tela ya ce, "Matarmu, ai kin tare mana..."

Na ce, "Wa ke riƙe da Taya Goma wannan satin?"

Mai Aski ya kashe injin.

Na ce, "Satin farko ban sani ba. Na biyu Ticha ne, don shi kaɗai zai ga gola ba ya kawo maki ya kasa haƙuri. Na yau kai ne, Tela. Gai da matarka, ka ce ta riƙe rariyar."

Ticha ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Tela ya ce wallahi, wallahi, bai ƙarasa wallahin ba.

Mai Aski ya sallami mai rabin askin, ya ce ya dawo anjima. Ya ja labule. Ya ce, "Zauna, Maman Lele." Na ce a tsaye zan ji. Ya ce, "Yana raye." Na ce haka kuka ce wa Innar Dogo. Sai na ga babban mutum ya dafa bango.

Ya faɗa min. Ba zan maimaita duka a nan ba, Lele tana wasa da wayar nan. Jami'an tsaro ne suka tsayar da motar a hanya. Akwai abin da aka gani a cikin kayan, ba kai ka ɗora ba, kowa ya san ba kai ba ne. An tafi da kai da motar. Wai Ticha ya je can sau biyu, wurin farko suka ce an mayar da kai wani wuri, wuri na biyu suka ce ya dawo wani satin. Na ce to wa ya gan shi da idonsa? Babu. Na ce wa ya ji muryarsa? Babu.

Na ce, "To da me kuka san yana raye?"

Mai Aski ya ce, "Da ba haka ba, da mun ji."

Wai kai ka taɓa ce musu in wani abu ya same ka kar a tayar min da hankali. Wai sun san ina duba wayar. Tela yana kuka, yana cewa, "Mu fa don ke muka yi."

Na ce a ba ni littafin. Mai Aski ya buɗe durowa ya ɗauko, duk ya sha mai da gashi. Ban iya karatu ba, amma na san shafinka, don ka zana taya a samansa. Na yage shi. Ba wanda ya hana ni.

Na ce, "Dogo naku ne, ku yi ta buga masa. Wannan mijina ne. Kar wanda ya ƙara taɓa min shi. Wurin nan kaɗai nake da shi da zan ji motsinsa, kun bi kun cika min shi da hannayenku. In ya motsa, ina so in san shi ne."

Ticha ya ce a hankali, "Zai faɗo ƙasa fa. Akwai masu rauni a ciki."

Na ce ya faɗo.

Mai Aski ya ɗora hannunsa a kan littafin ya rantse. Ya sa su ma suka rantse ɗaya bayan ɗaya. Na kalli fuskar kowa. Ban sani ba. Da can ma da rantsuwar suke min magana.

Litinin, da safe

Takardar tana cikin filo. Ina jin ƙararta in na juya.

Laraba, da la'asar

Ticha ya zo, ya tsaya daga waje. Ya ce sun samu lauya, mace ce, an ce ba ta da wasa. Ya ce daga yau duk abin da aka ce musu zai zo ya faɗa min yadda yake, mai daɗi da marar daɗi. Na ce na yau wane iri ne? Ya ce, "Na yau babu ko ɗaya." Wannan na yarda da shi.

Asabar, ƙarfe goma sha biyu

Ba a taɓa ba. Mai sanƙo yana nan yadda aka bar shi.

Ni na ce a bari. Ni na ce.

Lahadi, da yamma

Yaya ta kira, ta ce in tattaro in zo wurinta kafin abin ya warware. Na ce in ka dawo ka tarar da kwaɗo a ƙofa fa? Ta fara kewaye-kewaye irin na shagon aski. Na kashe.

Talata, da hantsi

Matar Tela ta aiko da rariyar. Da alewa a ciki. Na ba Lele alewar.

Asabar, ƙarfe goma sha biyu

Ba a taɓa ba.

Ɗan kanti ya ce ka koma na bakwai. Uku a cikin 'yan wasanka suna da jar alama, ba sa bugawa. Ya ce, "Ko in gyara masa?" Na fizge wayar har ya tsorata.

Da ma na bar su suna min ƙarya. A'a. Ban ce haka ba. Goge wannan.

Alhamis, da safe

Lele ta daina tambaya. Wannan ya fi tambayar ciwo.

Asabar, ƙarfe goma sha ɗaya da rabi

Ba zan duba ba yau. Zan yi wanki.

Asabar, bayan azahar

Baban Lele.

Tsaya. Tsaya in numfasa.

Ina tsugune a kan wanki na ji ana dukan ƙofa kamar za a ɓalle ta. Na ce shi kenan, ga labarin ya zo. Na buɗe da kumfa a hannuna. Mai Aski ne, da tawul a kafaɗa, bai ko cire rigar aiki ba. Tela a bayansa yana haki, takalmi ƙafa ɗaya. Ticha can baya yana riƙe da ƙirji.

Mai Aski ya ce, "Ke kika taɓa?"

Na ce me?

Ya ce, "Taya Goma. Saura minti huɗu a rufe aka shiga. Ba mu ba ne. Wallahi tallahi ba mu ba ne, ki duba wayoyinmu."

Na ce na ji irin wannan.

Tela ya ce, "Ke duba mana! Wane mai hankali ne zai yi haka a cikinmu? Ga mutum uku da rauni an bar su. Abu ɗaya aka yi. An koro mai gemu, an je bola an sake tsinto golan nan da ba ya shiga fili, an sa shi a gaba, kuma an ba shi kyaftin! Kyaftin fa! Sifili sau biyu!"

Na goge hannuna a zani. Na ɗauko wayar. Na danna ƙwallon. Na danna fuskar.

Yana min dariya da wushiryarsa.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na yi ta tunani, na bi kowace rana, ko na taɓa faɗa wa wani. Matar Tela, a'a. Yaya, a'a. Nan kaɗai na faɗa, kuma wayar nan ko banɗaki da ita nake shiga.

Ticha yana cewa wataƙila wani mai tausayi ne ya ara maka waya na minti ɗaya. Tela ya ce, "Minti ɗaya, maimakon ya kira matarsa!" Na ce bai haddace lambar ba. Suka kalle ni, ina kuka ina dariya, suka ɗauka na zare.

Mai Aski ya tsuguna nesa kaɗan, ya ce, "Maman Lele, ke kin gane wani abu. Shi ne?"

Na ce shi ne.

Ya ce, "Da me kika sani?"

Na ce wannan ba na shago ba ne.

Ya rufe fuska da tawul ɗin ya daɗe. Da ya buɗe, idonsa ja, sai ya ce, "To wallahi na ƙarshe zai zo. Saura sati biyu, ko Dogo ya ba shi maki talatin. Ba zan ɗaga masa ƙafa ba."

Ban san inda kake ba. Ban san ranar da za su sake ka ba. Lele ta karɓe wayar ɗazu tana sumbatar gilashin, duk ta shafa masa yawu.

Na ce wa Mai Aski ya sa wa injin mai, ya ajiye maka kujerar tsakiya. Na ce ranar da za a yi askin, ni zan fara tafi.